Sassaben zamani: yadda za ka tayar da itatuwa daga kututturan gonarka

A shekarar 1984, wadda mu a ƙasar Maradi muke kira El-Buhari, ina ɗan shekara goma sha biyu. Gonarmu ta gado tana kan jigawa, kuma in ka tsaya a tsakiyarta kana hango rumbunan ƙauyen da ke gabanmu, babu abin da ya tare maka ido sai gawo biyu da tsamiya ɗaya. A farkon damana iska kan taso da rairayi ta binne hatsi tun yana ganye biyu, sai a koma a sake shuka, wata shekarar har sau uku, iri ya ƙare a banza. Inna kuwa da kara da busasshen kashin shanu take dafa tuwo, abin da ya kamata a bar wa ƙasa ta ci.

Da hannunmu muka yi wa gonar wannan aski. Kowace bazara Baba yakan fito da mu sassabe, mu sare duk wata sabara da kalgo har ƙasa, mu tara mu cinna wuta. A lokacin manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes kamar tsakar gida. Ga kuma dokar gandun daji ta wancan zamani, wadda ta sa icce ya zama na gwamnati ko da a gonarka ya fito. Wa zai reni abin da za a ci shi tara in ya taɓa?

Masu taimako daga waje sun zo da nasu maganin, wato dashe. An kafa wuraren renon ƴan itatuwa, an raba bedi da turare a cikin leda, an kashe kuɗi masu yawa, amma mafi yawansu ba su ga damana ta biyu ba, rana da awaki da gara sun gama da su. Cikin masu wannan wahala akwai wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ya zo Maradi a 1981 ƙarƙashin mishan ta SIM. A 1983, yana kan hanyar kai ƴan itatuwa ƙauye, ya tsaya rage iskar taya saboda yashi, sai ya duƙa ya dubi wani ɗan kurmi a bakin hanya. Ganyen ya nuna masa cewa icce ne da aka sare, saiwarsa tana nan da rai, kowace shekara yana tohowa ana sake sare shi. Daga nan ya daina jigilar leda, ya koma roƙon manoma su bar wa kututture ƴan rassa. An yi masa dariya, an kira shi mahaukaci. Da yunwar 1984 ta zo aka haɗa abin da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari: ka bar itatuwa a gonarka, ka samu hatsi.

Baba ya bari don hatsin, ba don ya yarda ba. Da rabo ya ƙare ya ɗauki gatari kamar yadda mafi yawan mutane suka yi. Inna ce ta tare shi a bakin gamanarta, wato ƴar gonar da take nomawa don kanta, ta ce, “Malam, naka ka sare, nawa dai a bar mini. Na gaji da tafiya neman ƙirare.” Waɗannan kalgo da sabara na gamanar Inna su ne makarantata. A takardun faransanci ana kiran aikin RNA, a na turanci FMNR, mu kuwa sassaben zamani muke cewa, kuma ga yadda nake yin sa yau a gonar nan.

Ka fara da zagaya gona ba tare da ƙarfe a hannu ba. Lokacin da ya fi shi ne bayan an kwashe amfani, ko da bazara kafin sassabe. Ka bi kowane ɗan kurmi ka buɗa shi da hannu ka ga ko akwai kututture a ƙasa. Za ka yi mamakin yawansu, domin abin da kake ɗauka ciyawa ce ta addabe ka, sau da yawa icce ne wanda kakanka ya sha inuwarsa. Saiwarsa ta riga ta nutsa ta kai ga laima, shi ya sa tohonsa yake yin tsawon mutum cikin shekara ɗaya ko biyu ba tare da ka ba shi ruwa ko moɗa ɗaya ba, alhali ɗan dashe yana can yana fama ya kafa saiwa. Ka tafi da uwargida wannan zagaye. Ita ta san iccen da ke ci da kyau a murhu, da wanda ganyensa ke shiga tukunya, da wanda ake jiƙa wa yaro in cikinsa ya ɓaci.

Sai zaɓe. In kana farawa ne, ka nufi kututture arba'in a hekta guda, wato tsakanin wannan da wancan kamar taki ashirin na babban mutum. Ba layi za ka ja ba, inda Allah ya ajiye su nan za ka bar su, illa in sun cunkushe wuri ɗaya sai ka rage. In ka ga amfanin abin za ka ƙara da kanka. Akwai manoman da suka wuce ɗari a hekta kuma hatsinsu bai ragu ba, saboda suna aske rassa a kan kari.

A kan kowane kututture za ka tarar da toho goma, ashirin, har fiye, duk suna ƙwacen abinci ɗaya, shi ya sa babu wanda ke girma. Ka zaɓi uku zuwa biyar, waɗanda suka fi tsawo da kauri da miƙewa, ka cire sauran. Kada ka bar ɗaya tak. In akuya ta karya shi ko wani ya sare, ka koma farko. Da biyar kuwa, kowace shekara kana iya yanke ɗaya ka kai gida, wani sabo ya maye gurbinsa, ka bar mafi kyawun ya zama babban icce.

Yanzu sai yankan kansa, kuma a nan ne mutane suka fi ɓata aiki. Ka wasa addarka ko laujenka har ya yi kaifin aski. Ƙarfe maras kaifi dandatsa reshe yake yi, wurin ya ruɓe. Sannan ka yi sara daga ƙasa zuwa sama. Shekarar da na fara yi da kaina, daga sama nake kai sara yadda hannu ya saba, sai reshe ya faɗo ya jawo ɓawo ya salɓe shi har gindi. Wani gawo da na fi so a lokacin haka na ji masa, gara ta shiga ta wurin ciwon, kafin kaka ya bushe, kuma har yau ina jin zafinsa in na wuce gurbin. Ka riƙe reshen da hannun hagu, ka ɗaga ƙarfen daga ƙarƙashinsa, ka yanke dab da jiki amma kada ka ci jikin. Rassan gefe kuma ka cire su daga ƙasa zuwa rabin tsawon sandar kawai. Wanda ya aske har kai ya bar ɗan tukku a sama, ya samu sanda siririya da iska za ta lanƙwasa, ɗan akuya ma ya taka ta ta karye. In sandunan suna da rauni, ka tattara su ka ɗaure sakwa-sakwa da igiyar kalgo su tallafi juna.

Abin da ka yanke kada ka ƙone shi. Masu kauri su tafi murhu ko shinge. Ganye da ƙananan rassa ka baza su a inda ƙasa ta yi faƙo. Iska za ta tara rairayi da ƙaiƙayi a jikinsu, gara ta ja su ƙasa ta huda ramuka, ruwan farko ya samu hanyar shiga maimakon ya gudu.

Ba aikin yini ɗaya ba ne. Babban aski da rani ake yin sa ko da bazara, lokacin da ciwon icce ke saurin bushewa. Bayan haka, duk sanda ka zo noman farko ko maimai, ka fizge sababbin tohon da suka fito a gindi, ka rage reshen da ya yi wa hatsi rumfa. Bai kamata wata shida su wuce ba ka duba kututture ba.

Kowane icce da halinsa, kuma gawo ne sarkinsu a gona. Da damana, lokacin da kowa ke ganye, shi zubar da nasa yake yi, don haka ba ya hana hatsi rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne daidai lokacin da shuka ke bukata. Da rani sai ya yi kore shar, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna zuba kashi. Saiwarsa ma tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin da muke saye a buhun takin zamani. Je ka dubi zangarniyar da ke ƙarƙashin gawo ka gwada ta da ta fili, ba sai an yi maka bayani ba. A Damagaram har yau ana ba da labarin yadda Sarki Tanimu ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani, ka ga ke nan magabata sun san darajarsa tun kafin wani baƙo ya zo. Ɗan gawo yana da ƙaya kuma yakan bazu a ƙasa kamar ba zai tashi ba. Shi kam, ba kamar sauran ba, ka zaɓar masa sanda ɗaya ko biyu ka ɗaure a jikin turke, za ka ga ya miƙe.

Sabara da kalgo su suka fi yawa a jigawarmu, kuma su aka fi rainawa. Masu bincike a Senegal, tare da abokan aikinsu na Amurka, sun gano cewa saiwar sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa da dare ta sake shi kusa da sama, hatsin da ke gefenta ya sha. Mu dai mun daɗe da ganin cewa in ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar, shukar da ke gindin sabara ce ke ƙarshen yin yaushi. Kalgo kuwa ƴaƴansa abincin tumaki ne, ɓawonsa igiya, sai dai yana da inuwa mai kauri, don haka shi ne ya fi bukatar aski kafin shuka. Aduwa, magarya, ɗanya, kanya, anza, jiga, duk wanda ka samu ka bar shi. Bedi kam, a ganina, wurinsa iyakar gona ko ƙofar gida, domin hatsi ba ya jin daɗin ƙarƙashinsa.

Za a ce maka icce yana tara tsuntsaye. Yana tarawa, amma yawancinsu tsutsa da fara suke ci, kuma garken da ke cinye zangarniya ko gonarka ƙwal take zai sauka.

Abin da ya fi yankan wuya shi ne tsaro. Shekara ta uku da na tayar da gefen gabas, na zo da safe na tarar an bi dare an sare mini sanduna fiye da ashirin, an bar kututture suna zubar da ruwa. Na koma gida na ce na bari. Kawuna, ƙanin Inna, ya ce, “Ɗana, kai kaɗai kake da icce a wannan daji, ina kake so masu nema su je? Ka jawo maƙwabtanka.” Gaskiyarsa. In gona ɗaya ce ke da itatuwa, ita kowa zai nufa, in gonaki talatin ne a jere, ɓarnar ba ta taruwa a kan mutum ɗaya kuma idanu sun yi yawa. Ka ɗaura jan ƙyalle a jikin sandunan da ka aske, don mai wucewa ya san da mai su. Sannan ku je wurin mai gari a kafa kwamiti, a yanke tara a gaban kowa, a sanar a masallaci da kasuwa. Mutanen Ɗan Saga, a yankin Agye, sun yi suna a kan wannan. Da goyon bayan shirin asusun FIDA na Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa kwamitin sa ido wanda ya haɗa maza da mata da makiyaya, kuma daga ƙasashe da dama ana zuwa ganin aikinsu. Shigar da makiyaya cikin maganar ba alfarma ba ce. In ba a zauna da su an nuna musu inda za su sassabo ganye da yadda za su yi ba tare da sun kashe kan iccen ba, za a yi ta rigima kowane rani. A bar musu burtalinsu kuma, kada a cinye shi da noma.

Ta fuskar doka an samu sauƙi sosai. Dokar gandun daji ta 2004 ta sassauta, sannan a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan wannan aiki, wadda ta amince cewa wanda ya reni icce a gonarsa yana da haƙƙin cin moriyarsa. Duk da haka gawo da wasu itatuwa suna cikin waɗanda aka kare. Kafin ka kayar da babba, ka je ka sanar da ma'aikacin gandun daji na yankinku. Ya fi kyau ma tun kana farawa ka gayyato shi ya ga gonar, ya san cewa kai ka rene su.

Mutane sukan tambaye ni, to icce tuwo ne? Wanda ya ga 2005 a Maradi ba zai yi wannan tambaya ba. Fari da fara sun ci amfanin 2004, farashin tiya ya haura abin da talaka zai iya, cibiyoyin kula da yara masu tamowa suka cika maƙil, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna karɓar yara dubbai. A gidanmu abin da ya riƙe mu shi ne itatuwan nan. Na yanke sanduna na kai kasuwa na auno hatsi, na sayar da ƴaƴan gawo ga masu kiwo, tumakinmu ba su rame har a sayar da su a wulaƙance ba. Maiɗakina tana haɗa ganyen jiga da ƙuli-ƙuli ta yi kwaɗo, yara suna tsotsar aduwa da magarya, anza kuma a jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Ko a shekarar ƙoshi, yaron da ke cin tuwo da miyar kuka da ganye da ɗan wake ya fi wanda fura zalla yake sha. In kana da rijiya kusa, ka ƙara da zogale a bayan gida. Magaryar daji kuma ana yi mata aure, wato a haɗa mata reshen irin mai manyan ƴaƴa wanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yaɗa, ka nemi wanda ya iya ya nuna maka. Amma ina roƙon iyaye mata da maza: yaron da ya rame, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya ƙi cin abinci, a kai shi likita a ranar. Ganye rigakafi ne, ba ya warkar da tamowar da ta riga ta kama yaro.

Da masu bincike suka zo auna abin, irin su Chris Reij na Holan da Gray Tappan na Amurka da namu Mahamane Larwanou, sun gwada hotunan sama na 1975 da na bayan shekara talatin, suka ƙiyasta cewa manoman Nijar sun tayar da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram. Daga nan dabarar ta tafi Habasha da wasu ƙasashe da dama, kuma a 2018 aka ba Tony Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ramukan zai. Ramukan nan su ne tassa a wurinmu, kuma manoman Illela ne suka je Yatenga, a Burkina Faso, a 1989 suka gano da idonsu suka dawo da ita. In gonarka ta yi faƙon da babu ko kututture, da tassa za ka fara: rami mai faɗin taƙi ɗaya da rabi, zurfin taƙi guda, ƙasar da ka haƙo ka tara ta gefen gangare, ka zuba taki cike da hannu biyu. A cikin takin akwai ƙwayar gawo da ta bi ta cikin akuya, za ta tsiro tare da hatsinka.

Yau shirye-shiryen taimako suna da yawa, daga Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 zuwa alƙawarin da Nijar ta ɗauka na farfaɗo da hekta miliyan 3.2 kafin 2030, kuma wata rana mota za ta tsaya a ƙofar mai garinku. Ku karɓe su hannu biyu, amma ku san abin da za ku roƙa. Na ga wani shiri da ya biya mu kuɗi muka dasa itatuwa a filin gari, aka kafa allo aka ɗauki hoto, ba a ce ga mai ban ruwa ba, ba a ce ga mai iccen ba, kafin shekara allon kaɗai ya rage. Ni abin da nake roƙo shi ne a ɗauki manomanmu, har da mata, a kai su ƙauyen da aikin ya kankama su kwana biyu suna gani. A taimaka wa kwamiti ya samu takardar shaida daga hukuma. A kawo mai koyar da auren itatuwa, da iri mai saurin nuna irin wanda cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ke fitarwa. A tambaye su kuma tun ranar farko: in kun tafi, da me za mu ci gaba? In amsar tana bukatar man mota ko kuɗin da ba mu da shi, a sake shawara tun suna nan.

Saura ƴan tsiron da ba su da kututture, waɗanda suka fito daga ƙwaya. Su ne suka fi saurin halaka, domin a idon mai noma ba su da bambanci da ciyawa. Bayan ruwa na biyu ko na uku nakan bi gona da ƴan sanduna a hammata, duk inda na ga ɗan gawo ko ɗan aduwa sai in kafa sanda a gefensa. Ranar noma, kafin kowa ya sa hauya, ina tara yara da ƴan ƙwadago in nuna musu ɗaya da hannuna, in ce duk inda suka ga sanda su kewaye. Da kaka kuma, kafin a saki dabbobi, sai in yi wa kowane ɗan shinge da ƙayar magaryar da na aske, in danne ta da ƙasa don kada iska ta ɗauke. Rani biyu yake bukata a cikin ƙayar nan, a na uku bakin akuya ba ya kai wa kansa.